Kyauta da Bulala

Yau ina so mu duba wani abu da muke yi kullum ba mu auna shi, watau yabo da duka, da abin da kowannensu ke koya wa yaro.

Sa'ad da muke kwalejin horon malamai an ba mu labarin wani masani na Amurka, Edward Thorndike, wanda a 1898 ya riƙa kulle kyanwa cikin akwati, ya ajiye abinci a waje. Kyanwa ta yi ta yaƙushin ko'ina, har ta yi katari ta taɓa abin da ke buɗe ƙofa. Da aka yi ta maimaitawa, sai ta zama da an sa ta take fita. Daga nan ya ce duk aikin da daɗi ya biyo bayansa, za a sake shi. Da fari ya zaci horo yana kankare hali kamar yadda kyauta ke dasa shi, amma a 1932 ya sake magana, ya ce ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Wani kuma, B. F. Skinner, ya nuna a 1938 cewa ɓeran da ake bugun ƙafarsa in ya danna wani ƙarfe yakan dakata, amma da an bar bugun sai ya koma ɗabi'arsa.

To, ke uwargida, kada ki ce ina ruwanki da kyanwar Turawa. Ni 'yar Gaya ce, ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Ajingi, abin da nake gani ke nan kowace safiya.

Yarinya ta tashi da asuba ta ɗauki tallan koko da ƙosai. Kowace ƙofa ta tsaya, kuɗi ya faɗo hannunta nan take. Ta koma gida, uwa ta ƙirga ciniki, ta sa mata albarka, ta ware na adashin kayan ɗakinta. Sa'an nan ta sa kayan makaranta a guje, ta tarar an shiga aji, ga mai dorina a bakin ƙofa. Wanda ya yi dukan yana zaton ya koya mata sammako. Ina! Sammako ai ta riga kowa. Abin da ta koya shi ne, ran da ta makara gara ta yi zamanta. Yau fashi, gobe fashi, kafin damina ta wuce sunanta kaɗai ya rage a rajista. Faranti yana biyanta tun kafin hantsi, makaranta kuwa ta ce sai bayan shekara goma sha biyu, ta kuma haɗa mata da bulala. Masanan nan sun tabbatar sakamakon da ya zo da wuri ya fi kama rai. In ke ce yarinyar, wanne za ki bi?

Hukuma ma ta gane haka. Zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso an ciyar da 'yan firamare. A 2019 Jihar Kano ta mai da karatu kyauta kuma dole, a 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE, da Kano a ciki, wanda ya tanadi kuɗin tallafi don 'yan mata su zauna a sakandare. Watau ana so a matso da ladan karatu kusa.

Amma fa kyauta ma tana da nata tarko. A 1973 wasu malaman jami'ar Stanford suka sami yara masu son zane, suka yi wa waɗansu alkawarin takardar yabo in sun zana. Bayan kwanaki, waɗanda aka yi wa alkawarin suka rage zane, waɗanda kuwa aka ba su ba zato suka ci gaba. Don haka ni ba na son "yi shara in ba ki alawa." Ran da alawa ta ƙare, tsintsiya ta huta.

Akwai kuma wanda ya fi wannan. Yaro ya yi kukan ƙuli-ƙuli, kin hana sau huɗu, a na biyar kunya ta kama ki gaban baƙi kin ba shi. Skinner ya ga haka a dabbobinsa: abin da ake samu jefi-jefi shi ya fi wuyar bari. Kin koya masa nacin kuka ke nan, sa'an nan ki ce ya gado taurin kan dangin ubansa.

Ban ce a bar tsawatarwa ba. Yaron da ya nufi murhu ko bakin rijiya, a daka masa tsawa nan da nan. Sai dai tsawa ta gaya masa abin da zai bari ne kawai, abin da zai yi kuwa sai an nuna masa.

A ajina mai makara tana shiga ta zauna, in an tashi mu cike abin da ya wuce ta. Ran da ta zo a kan lokaci kuwa, nakan ambaci sunanta kowa ya ji. Ke ma in 'yarki ta dawo yau, ajiye ludayi ki ce ta karanta miki wannan shafi, ki saurara har ƙarshe ko da tana gargada.