"Jirgin nan lafiya yake?"

1/ Ni ɗan Kakuri ne. Ban taɓa ganin teku ba, amma na sha shiga kwale-kwale a Kogin Kaduna. Ka tambayi mai tuƙi lafiyar jirginsa, amsar ɗaya ce: "Lafiya lau, ba ya yoyo."

2/ Wannan "lafiyar" ce ke damuna. Katako kawai muke nufi. A dokar jiragen teku kuwa, sai an duba ƙwarewar matuƙa da nauyin lodi kafin a ce jirgi ya cancanci tafiya.

3/ Tun 1876 Ingila ta wajabta zana layi a jikin jirgi. Ruwa ya rufe layin, lodi ya yi yawa ke nan.

4/ Ku tuna ɗaliban Islamiyyar Ɓagwai, 2021. Allah Ya jiƙansu.

5/ Kafin ku shiga, don Allah ku ƙirga kawuna, ku nemi rigar kariya.