Haƙarƙari a Tukunyar Ƙasa

Ran Jumma'a, ranar kasuwar shanu ta Wudil, magidanci a Ɗankaza yakan komo gida da ƙullin haƙarƙari. To, sau da yawa na tsohuwar saniya ne, wadda ta sha tafiya. In aka iza masa wuta sai ya ƙanƙance, ya yi tauri kamar ƙirgi, itace ya ƙone a banza, maigida kuwa ya ɗora wa uwargida laifi.

Uwargidan da ta san hannunta ba ta yi masa gaggawa. Takan fara gasa shi sama-sama har ya ɗauki ƙanshin hayaƙi. Sa'an nan ta zuba a tukunyar ƙasa da albasa, da citta, da masoro, da ɗan ruwan da bai sha kan naman ba. Ta rufe, ta janye itacen, ta bar garwashi kaɗai, tana ƙarawa kaɗan kaɗan tun azahar har bayan lisha. Wannan zafi mai sauƙi shi ke narkar da jijiyoyin, su zama romo mai danƙo, naman ya riƙa saɓulewa daga ƙashi, ko tsoho marar haƙori ya ci.

A Amurka, cikin 1971, aka fara sayar da wata tukunyar lantarki, Crock-Pot, mai irin wannan dahuwa wajen awa takwas ba mai tsaro. Can har haƙarƙarin alade sukan sa, abin da Musulmi ba ya ci. Cikinta ma na yumɓu ne, sai dai in aka ɗauke wuta dahuwa ta tsaya.