Makullin da Bai Kamata In Bayar Ba

Shekarar da na fara aiki a wani kamfani a Yamai, an ɗora mini wani aiki da na raina: in buɗe asusu ga manhajar da ke sa ido a kan lafiyar babban rumbun bayananmu, wanda ke kan Amazon Redshift. Bukatar manhajar kaɗan ce. Tana son sanin girman kowane tebur, da yawan layukansa, da kason da bai jeru daidai ba. Duk waɗannan suna cikin wani jadawali na tsarin, mai suna SVV_TABLE_INFO.

Na buɗe asusun, na gwada, aka hana shi shiga, domin Redshift ba ya buɗe wannan jadawali sai ga mai cikakken iko, ko wanda aka ba izini na musamman. Dare ya yi, gajiya ta kama ni, sai na bi hanya mai sauƙi: na ƙara wa asusun CREATEUSER, kalmar da ke mai da shi mai cikakken iko. Nan take komai ya bayyana, na tafi gida ina ganin na yi gwaninta.

Washegari shugaban sashenmu ya duba aikin, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ƙanena, wanda aka sa ya duba ko rumbu ya cika, ana ba shi ikon ɗibar hatsin?" Sai a lokacin na gane ɓarnar. Kalmar sirrin asusun tana rubuce cikin fayil ɗin saitin manhajar. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai iya karanta sunaye da lambobin wayar abokan cinikinmu, har ma ya goge tebur ɗungurungum.

Gyaran bai wuce layi biyu ba. Na janye ikon da NOCREATEUSER, sannan na rubuta GRANT SELECT a kan SVV_TABLE_INFO kaɗai. Manhajar ta ci gaba da ganin siffar kowane tebur, ba tare da ta iya leƙa abin da ke cikinsa ba.

Tun daga ranar, kafin in ba kowane asusu izini, nakan rubuta a takarda ainihin abin da zai duba, in ba shi wannan kawai. Bayanan da ke rumbun amana ce ta mutanen da ba su san sunana ba, kuma a daren nan saura ƙiris in tozarta ta saboda ina gaggawar tafiya gida.