Zuwa Panteka neman gilashin Fijo

Motar Kawu ta girme ni. Peugeot 504 ce salun, ruwan madara, wadda ya saya da rancen mota lokacin yana aikin gwamnati, kuma har gobe ba ya yarda wani ya tuƙa ta sai yana zaune a gefe. A tsakiyar hunturun bana wasu yaran unguwa masu harbin tsuntsu da danƙo suka sami gilashin ƙofar baya ta dama. Ba tsagewa ya yi ba, rugujewa ya yi gaba ɗaya kamar an zubar da buhun gishiri, rabi a kan kujera, rabi ya faɗa cikin ƙofar.

Mun fara da Ƙofar Ruwa, tunda duk mai neman kayan mota a Kano can yake dosa. Akwai gilasan Fijo, amma na wagon ne, ragowar motocin haya da suka yi zamani suna jigilar mutane tsakanin garuruwa. Wagon ta fi salun tsawo, ƙofarta ta baya kuma daban ce, don haka gilashinta ba ya zama. Wani ya ce zai yanka mana daga gilashin taga a rahusa, wani ya ce a sa farar roba, wai ba mai ganewa. Kawu bai ko tanka musu ba. Wani dattijo da ke jin mu daga rumfarsa ne ya ce, "Alhaji, ku kai ta garin da aka haife ta. Abin da babu a Panteka, to, ka haƙura da shi."

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Kaduna, an manne tagar da leda da salatif. Kafin mu kai Kura ledar ta fara kaɗawa da ƙara, ƙurar hunturu na shigowa ta gefe, sanyi na bugun ƙeyata. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir sun cika bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa kudu. Mun wuce Kwanar Dangora da Tashar Yari ba mu tsaya ba, sai a Zariya muka sha shayi, Kawu ya buɗe bonet ya duba ruwa da mai, al'adar da ba ya fashi ko da tafiyar ta cikin gari ce.

Daga Zariya zuwa Jaji labarin motar ya yi ta ba ni. A Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, shekarar da ta biyo ta zama gwarzuwar motar Turai. A 1975, zamanin Janar Gowon, aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kakuri da ke Kaduna, kuma a wannan shekarar ce wata 504 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka. Ba a daɗe ba ta zama motar gwamnati, motar ɗan kasuwa, motar kai amarya. Faransawa sun daina yin salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Na sha jin wannan tarihi a bakinsa, sai dai ranar ne na lura yana faɗinsa yana shafa sitiyari, ko da yake ni ke riƙe da shi.

Muka wuce Maraban Jos da Rigachikun, muka shiga ta Kawo hantsi ya ɗaga.

Panteka kunne ne ke fara sanin an iso ta: guduma a kan ƙarfe, injin walda, masu ƙera tukwane da murhu da akwatuna daga abin da wasu suka zubar. Wani yaro ɗan kamasho ya ja mu ta wani lungu mai baƙin mai a ƙasa, har bayan wata rumfa inda aka jera ƙofofin mota a tsaye, an jingina su da bango. Mai wurin ya dubi Kawu, ya leƙa motar, ya ce, "Baba, salun ce ko? Dama ko hagu?" Daga nan na san mun zo hannun wanda ya san abin. Gilashin ƙofa yana da ɗan lanƙwasa, na dama ba ya shiga hagu.

Ya zaro wata ƙofa shuɗiya da tsatsa ta cinye gindinta, gilashin kuwa lafiya lau. Ya tofa yawu a kusurwarsa ya goge da babban yatsa, tambarin masana'anta ya fito. Ya ce wannan tambarin shi ne shaidar gilashin gasasshe ne. Ana gasa shi ne a wuta mai zafin da ya haura digiri 600, sannan a huce shi da iska nan take, shi ya sa yake da ƙarfi, kuma in ya fashe sai ya ruguje ƙanana maimakon ya zama wuƙaƙe. Shi ya sa kuma ba ya yankuwa: da zarar an sa masa abin yanka, ya tafi. Duk wanda ya ce zai yanka maka gilashin ƙofar mota a bakin titi, na taga zai ba ka, wanda ranar hatsari zai iya yanke wuyan wanda ke zaune kusa da shi. Robar kuwa, rana da ƙura za su dusar da ita kafin damina.

An yi ciniki irin na dattawa, da "albarka" da "Allah ya ba mu kasuwa", har aka daidaita. Sai aka kira mai sawa, wani fanel-bita siriri da sukundireba a aljihun gaba.

Na ɗauka aikin minti kaɗan ne. Sai da ya cire hannun murɗa gilashi, da madogarar hannu, da mabuɗin ƙofa, sannan ya bi kwalin ƙofar yana ɗaga maƙalansa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kwalin ya tsufa, in ya karye babu inda za a samo irinsa. Kawu na tsaye a kansa yana cewa, "Sannu dai, Malam, sannu." Da ya buɗe cikin, ya zura hannu ya riƙa kwaso ɓaraguzan da suka taru a gindin ƙofar, ya bi ramukan da ruwa ke fita ta ƙasa da waya yana tsokalowa. Ya ce a nan ne masu gaggawa suke cutar mutane: in aka bar tsakin gilashi a ciki, ƙofar za ta yi ta kacau-kacau a kan hanya, ramukan su toshe, ruwan damina ya kwanta, tsatsa ta ci ƙofar daga ciki mai ita bai sani ba.

Ya wanke injin ɗaga gilashin da kananzir ya shafa masa sabon giris. Ya duba robar da gilashin ke bi sama da ƙasa, ya ce ta bushe amma za ta yi, ya goge ta. Sai ya karkata gilashin, ya zura kusurwa ɗaya ta bakin tagar, ya juya shi cikin ƙofar har ya hau hanyarsa, ya haɗa ƙarfen gindinsa da injin. Bai ɗaure notin tamau ba sai da ya murɗa sama ya murɗa ƙasa, ya ga saman ya shige cikin roba daidai, ba gefen da ya riga wani. Ya watsa ruwan buta a jikin tagar, muka ga yana ɗiga ta ƙasan ƙofar, babu ko ɗigo a ciki. Kawu da kansa ya shiga baya ya murɗa, ya sake murɗawa, sannan ya ƙara masa wani abu a kan kuɗin da suka yi.

A ganina kuɗin gilashin bai kai rabin darajar hannun wannan mutumin ba.

Kafin mu juyo na tambayi mai rumfar ko ƙofofin salun nawa suka rage masa. Ya nuna min 'yan ƙalilan da ke jikin bango, ya ce in sun ƙare shi ke nan, domin yanzu in tsohuwar Fijo ta mutu 'yan gwangwan ne ke riga su, a sassare ta a auna a kilo a kai wa masu narka ƙarfe, gilashin kuma a fasa shi a wurin don ba ya cikin awo. Kawu ya ji haka ya sa aka ciro masa na hagu ma, aka naɗe a kwali da tsohon bargo, ya riƙe shi a cinya tun daga Kawo har Na'ibawa.

Mai 504 da ke son ta daɗe, ya je ya nemi gilashinta da robobinta tun suna nan, ya ajiye a ɗaki, kada ya jira sai yaran unguwarsu sun ɗauko danƙo.