Daga Nima Zuwa Legon: Inda Gizo Ya Sami Ɗakin Wasa

Duk wanda ya bi titin Independence Avenue a birnin Ankara ba zai rasa ganin wani farin gini mai kama da jirgin ruwa ba. Wannan shi ne Babban Ɗakin Wasanni na Ƙasa, wanda ƙasar Sin ta gina, aka kammala shi a 1992. Amma jama'a masu karatu, kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a wannan fili akwai wani ƙaramin gida da ya riga shi, wanda aka rushe don a sama masa wuri. Neman wannan gida ne ya fitar da mu daga zango, mu malaman makaranta uku, bayan wata gidauniyar raya al'adu ta ba mu tallafin wata shida don mu rubuta wasan ban dariya da Hausa, wanda ɗalibanmu za su yi a gaban iyayensu.

Mai gidan ita ce marigayiya Efua Sutherland, 'yar Cape Coast, an haife ta a 1924, ta rasu a 1996. Ita ma malamar makaranta ce, ta yi horon koyarwa a Mampong kafin ta wuce Ingila, abin da ya ƙara mana ƙarfin gwiwa ke nan. Da taimakon gidauniyar Rockefeller ta Amurka da na gwamnati ta gina ɗakin wasanta, Shugaba Nkrumah ya buɗe shi a 1961. Da aka rushe shi, sai aka sake gina irinsa a Jami'ar Legon, can muka nufa.

Tafiyar ba ta da nisa. Daga Nima mutum ya kama trotro zuwa tashar 37, ya sake wata mai zuwa Madina, a wuce filin jirgin sama da mahaɗar Tetteh Quarshie, sai ga ƙofar jami'a. Abin da ke cin lokaci cunkoso ne kawai.

Wurin da kansa bai yi kama da ɗakin wasan Turawa ba. Tsakar gida ce, sama a buɗe, bango ya kewaye ta, kamar gidan kakanni inda ake taruwa da dare. Mun zauna mun yi shiru, don kowannenmu ya gane ta. Ashe abin da muke ta neman kuɗin haya a kai, wato zaure mai labule da fitilu, ba shi ne sharaɗi ba; tsakar makarantarmu ma ta isa. Da gangan matar ta yi haka. Ta ɗauki tatsuniyoyin Ananse na mutanen Akan, da yadda masu sauraro kan katse mai ba da labari da waƙa da tafi, ta mayar da su wasan kwaikwayo. Wasanta The Marriage of Anansewa, wanda aka buga a 1975, a kan haka ya tsaya: Ananse talaka ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin 'yarsa guda, yana karɓar kyautarsu, da suka taso masa gaba ɗaya sai ya sa yarinyar ta yi mutuwar ƙarya. To, wa bai ga Gizo a nan ba? Wayon iri ɗaya, kwaɗayin iri ɗaya, sai dai namu yana da Ƙoƙi da tsamin baki.

A nan ne gardama ta kaure tsakaninmu, a ƙarƙashin wata bishiya, har la'asar. Da wace Hausa za mu rubuta? Babbanmu, wanda ya karanta Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu tun yana saurayi, ya ce lalle ta littafi, ta Kano, don yaranmu su ji yadda harshen yake a tushensa. Mu biyu muka ce yaron Nima ba ya dariya da Hausar da ba ya ji a bakin uwarsa. Hausarmu ta zango ta sha Twi, ta sha Ga, ta sha Turanci, sau da yawa ma ba ta raba namiji da mace, kuma in ka gyara wa barkwanci nahawu ka kashe shi. Masu wasan concert party sun daɗe da sanin wannan. Tun zamanin Bob Johnson da Axim Trio a shekarun 1930, har zuwa su Bob Okala da suka cika Babban Ɗakin Wasanni a shekarun 1990, da harshen kasuwa suke sa mutane hawayen dariya. Daga bisani muka shirya: mai ba da labari zai yi Hausar littafi, Gizo da maƙwabtansa su yi ta zango. Wannan bambanci ma ya zama abin dariya a cikin wasan, don Gizo yakan juyo ya ce wa mai labarin ya fassara.

Labarin kuwa ba mu je nesa nemansa ba. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma wane ɗan haya ne a Ankara ba a nemi na shekara biyu a hannunsa ba? Gizonmu ɗan haya ne, wa'adinsa ya cika, aljihu babu ko sidi. Sai ya baza labari cewa akwai aljani a ɗakin, don kada kowa ya kama. Mai gida ya ɗauko malami ya zo ya yi ruƙiyya, dole Gizo ya shiga ƙarƙashin gado ya zama aljanin da kansa, Ƙoƙi kuma ta tsaya tana yi wa aljani tafinta, tana cusa nata buƙatun a ciki.

Masu tallafin sun gindaya sharuɗɗa biyu: rubutaccen wasa a hannunsu kafin wa'adi, da kuma nuna shi a gaban jama'a. Na farkon yana hannunmu, mun gama fitowa ta biyu cikin uku. Na biyun yana hannun iyaye. Wasu dattawa sun nuna damuwa a kan 'yan mata su fito gaban taro, da kuma sa malami a wasan dariya. Mun kai wa limamin unguwa rubutun ya duba, ya ce a tabbata wanda ake yi wa dariya Gizo ne, ba malamin ba, muka kuwa gyara wurare biyu. Har yanzu dai muna neman yarinyar da mahaifinta zai yarda ta fito a Ƙoƙi. Mai sha'awa ya same mu a makaranta ranar Asabar bayan azahar, lokacin da muke gwaji.