Wa Ya Kama Wa? Fatalwa, Kurwa da Labarin Rika a Nima

Wata takwas ke nan wani saurayi a unguwar Nima ta birnin Akara, wanda tsofaffin Zango ke kira Ankara, ba ya samun barci sai dare ya raba. Shekararsa 19, yana koyon gyaran waya a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa. Gidansu na cikin lungunan da ke gangarawa zuwa babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi, gidan haya ne mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Da an idar da sallar isha'i sai ya zauna a kan benci, ya toshe kunnuwansa, ya kunna fim ɗaya da ya riga ya kalla ba adadi. Kakarsa, wadda ke jan carbi a bakin ƙofarta, ba ta ganin komai sai hasken waya a fuskarsa.

Wani dare aka ɗauke wuta, zafi ya koro kowa waje. Sai ta tsokane shi irin tsokanar da ke tsakanin kaka da jika, ta ce, "Kai maigida, wace kishiya ka yi mini a cikin wannan waya?"

Abin da yake kallo shi ne Jujutsu Kaisen 0, fim ɗin zane na ƙasar Japan da kamfanin MAPPA ya fitar ranar 24 ga Disamba, 2021. Asalinsa labarin zane ne na takarda, irin wanda Japanawa ke kira manga, wanda Gege Akutami ya wallafa cikin babi 4 a 2017, kafin babban labarin da ya gudana a mujallar Weekly Shonen Jump daga 2018 zuwa 2024. Labarin wani yaro ne, Yuta Okkotsu, da ƙawarsa ta ƙuruciya, Rika Orimoto. Tun suna ƙanana ta ba shi zobe, suka yi alkawarin aure. Tana da shekara 11 mota ta buge ta a gabansa, ta mutu, amma ba ta tafi ba. Ta rikiɗe ta zama wata ƙatuwar halitta mai dogayen hannaye da haƙora zaƙo-zaƙo, tana manne da shi, duk wanda ya taɓa shi sai ta illata shi. Bayan shekara 6 ta ji wa wasu ɗalibai 4 da ke cin zalinsa mummunan rauni, har manyan matsafa suka yanke masa hukuncin kisa a asirce. Wani malami, Satoru Gojo, shi ya sa aka jinkirta hukuncin, ya kai shi makarantar masu yaƙi da irin waɗannan halittu.

Saurayin ya ba kakarsa labarin tiryan-tiryan, sai da ya zo kan abin da Rika ta zama ya rasa kalma. Ya ce aljana ce. Ta girgiza kai, ta ce aljani halitta ce daban, mutuwa ba ta mai da ɗan Adam aljani. Ya ce to iska ce. Ta ce iskokin da 'yan bori ke kira, irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Doguwa, suna da sunayensu da halayensu tun kafin a haifi wanda suke hawa. Doguwar ma, wadda ake sakaya sunanta a ce Inna, ita aka jingina wa ciwon da har yau ake kira shan inna, kuma ba wanda ya taɓa cewa 'yar wani ce da ta mutu a kan hanya. Ya ce dodo. Ta yi dariya, ta ce dodo na tatsuniya ne, da shi ake kora yara ɗaki. Saura kalma ɗaya, fatalwa, kuma da ya faɗe ta muryarsa ta yi ƙasa.

Fatalwa ita ce mamacin da ake cewa ya fito yana yawo, a gan shi da dare cikin farin likkafani a firgita. Ita ce ta fi kusa da Rika, sai dai ba ta cika ma'anar ba, domin aikin fatalwa tsoratarwa ne, kalmar ba ta ɗauke da bashi a cikinta. Japanawa kuwa suna da suna na musamman, onryo, ga wanda ya mutu da ƙulli a zuciya ya dawo neman fansa. Mai juya wannan kalma zuwa Hausa sai ya yi doguwar magana, ya ce fatalwa mai ramuwar gayya.

Kalmar tana da tarihi a bayanta. Sugawara no Michizane babban masani ne kuma waziri a fadar sarkin Japan. Abokin hamayyarsa, Fujiwara no Tokihira, ya yi masa sharri, aka kore shi zuwa Dazaifu a 901, ya mutu can a 903. Daga nan masifu suka yi ta bin fada. Tokihira ya mutu a 909 bai kai shekara 40 ba, a 930 kuma aradu ta faɗa wa fada ta kashe wasu manyan fadawa, Sarki Daigo ya rasu a shekarar. Mutane suka ce fushin mamacin ne. Aka mayar masa da muƙaminsa bayan mutuwa, aka gina masa wurin bauta na Kitano a Kyoto a 947, har ta kai yau ɗalibai na zuwa can neman sa'ar jarrabawa. A wannan tunani, wanda aka zalunta shi ne da kansa ke tasowa ya karɓi haƙƙinsa, kuma ba ya kwantawa sai an biya shi.

Bahaushe ya san zalunci, amma ya ajiye ramuwarsa a wani wuri daban. Wanda aka cuta ya rasa mai ƙwatar masa yakan ce "Allah ya isa", ya kai ƙara inda ba a cin hanci. Abin da ke bin azzalumi sunansa alhaki, shi ya sa ake cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A karin maganar nan laifin ne ya yi ƙafafu, mamacin yana kwance inda aka ajiye shi. A Nima, kamar a Kano ko Maradi, akan yi shela a wurin jana'iza cewa wanda ke bin mamacin bashi ya zo wurin iyalinsa, wanda ya ɓata wa rai kuma ya yafe masa. Ana ƙoƙarin rufe lissafi tun a bakin kabari, abin da ya saura a bar wa ranar hisabi. Inda aka share wa haƙƙi irin wannan hanya, babu aikin da ya rage wa fatalwa, babu kuma buƙatar a raɗa mata sabon suna.

Kakar ta tambayi yadda labarin ya ƙare, a nan ne harshe ya tsayar da su. Tun da Malam Amadu Futa ya kafa Nima a farkon shekarun 1930, Hausa ce ta zama harshen da ke haɗa Bahaushe da Badagombe da Bazabarme da Bamoshe da Bafillace a gida ɗaya. A cikin wannan cuɗanya Hausar Gana, wadda ake kira Gananci, ta sauke wasu kaya. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ sukan koma k da d da b a bakin mutane da yawa, kuma da yawa ba sa raba namiji da mace a wakilin suna, "ya zo" yana isar kowa. Yawanci ba a samun ruɗani, domin abin da ake magana a kai yana warwarewa. Saurayin ya ce, "Kaka, ashe ba shi ya kama shi ba, shi ne ya kama shi."

Ita kuwa haifaffiyar Sabon Zango ce, unguwar da Malam Bako ya kafa, jikar fataken goro da suka taso daga Kano suka bi hanyar Gwanja, kuma ba ta taɓa sakin "ta" da "ita" ba. Ta ajiye carbi ta ce, "Wa ya kama wa? Yarinyar ce ta kama yaron, ko yaron ne ya kama yarinyar?"

Dole ya koma ya faɗa a hankali. A ƙarshen fim ɗin Gojo ya binciko cewa Yuta jinin Michizane ne. Ranar hatsarin, yaron ya ƙi yarda a ransa cewa Rika ta mutu, sai ƙarfin da ya gada ba da saninsa ba ya ɗaure ruhinta a jikinsa. Shekara 6 yana zaton ita ta hana shi sakat, alhali shi ya hana ta tafiya. Da gaskiya ta fito ɗaurin ya kwance, Rika ta koma kamanninta na yarinya, ba ta zarge shi ba, ta yi masa ban kwana ta wuce.

Tsohuwar ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai wannan ba fatalwa ba ce. Kurwa ce a hannun maye."

A tsohon tunanin Hausawa kurwa wani sashe ne na ran mutum da ake iya kamawa a raba shi da gangar jiki, maye kuma shi ne mai kamun. Ana cewa ana gadon maita, ana kuma cewa wanda aka kama kurwarsa yakan kwanta ciwo, ba ya tashi sai mayen ya tsallake shi ya sake ta. Kwatancin bai daidaita ta kowane gefe ba, domin maye kurwar mai rai yake kamawa don ya ci, Yuta kuwa ta matacciya ya riƙe don so. Amma kakar ta gano abin da duk kalmomin baya suka kasa nunawa, wato mai laifin yana cikin masu rai. Da jikan ya ce ai Yuta ba mugu ba ne, sai ta ce, "So ma yana kamu."

Saurayin yana da ƙanwa 'yar shekara 9. Wata safiya mahaifiyarsu ta aike shi sayen koko da ƙosai a tsallaken babban titi. Yana duƙe kan wayar wani da ya yi alkawarin gamawa, sai ya miƙa wa yarinyar kuɗin da kwanon. Babur ya buge ta, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Babu wanda ya tuhume shi, kowa ya ce kwana ne ya ƙare, shi kuma bai gaya wa mahaifiyarsa yadda aiken ya koma hannun yarinyar ba. Tun daga nan yake ganinta a mafarki tsaye a bakin ƙofa da kwanon a hannu, ba ta cewa uffan, shi kuwa ya ɗauki shirun nan fushi ne. A wayarsa akwai 'yan muryoyin da ta ɗauka tana wasa, su yake kunnawa kullum bayan fim ya ƙare. Ko sau ɗaya bai furta cewa ta rasu ba, sai dai ya ce "tun da abin ya faru".

A daren ya ce, "Kaka, bai yafe mini ba."

Ta ce, "Wa?"

Ya daɗe kafin ya ce, "Ita. Ba ta yafe mini ba."

Kakar, wadda ta binne 'ya'ya uku na cikinta, ba ta ce masa ba shi da hannu ba. Ta ce, "Aiken naka ne, ka ba ta. Wannan gaskiya ne. Ka nemi gafarar Allah, ka kuma gaya wa uwarka da bakinka, domin ita ce mai rai, ita ke da haƙƙi a kanka. Amma yarinyar da alƙalami bai hau kanta ba, ba ta bin kowa bashin gaba. Wadda ke tsaye a ƙofarka alhakin da ka ɗora wa kanka ne ya ari fuskarta. Ita tana inda ya fi nan, kai ne ka riƙe bakin zanenta. Sake ta, maigida."

Sai da ya yi kwana biyar yana kai-kawo kafin ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ta sani tun ranar, domin wata maƙwabciya ta ga lokacin da ya miƙa kwanon. Ta ce ta yi shiru ne don tana tsoron ta rasa biyu. Ta ce ta yafe, duniya da lahira, suka yi kukan da ba su yi tare ba ranar jana'iza. Ranar Juma'a ya sayi masa da kuɗin aikinsa, ya kai wa yaran makarantar allon da ƙanwarsa ke zuwa, suka yi mata addu'a.

Mafarkin bai ɗauke nan take ba, muryoyin ma bai goge su ba, sai dai ya daina kunna su kowane dare. Bayan wata guda wata mata ta kawo gyaran waya rumfarsu, ta dube shi ta tambayi ina 'yar yarinyar nan da ke kawo masa abinci da rana. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Ta rasu, wata tara ke nan. Allah ya jiƙanta."