Daga Katsina Zuwa Maraɗi Da Kular Magani A Cinya

Masu karatu, ku da kuke zaune nesa da kan iyaka, wataƙila a rediyo kuka ji cewa Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS, kuka ce Allah ya kyauta, kuka ci gaba da harkokinku. Ni kam har cikin gida maganar ta same ni. Mahaifiyata haifaffiyar Maraɗi ce, aure ya kawo ta Katsina. Yayarta, wadda muke kira Inna, tana can unguwar Bagalam, shekararta tara tana fama da ciwon suga, kullum sai an yi mata allurar insulin safe da yamma. Da yake ni ce ma'aikaciyar jinya a dangi, duk abin da ya shafi lafiyarta a wuyana yake.

A tsakiyar Fabrairun 2025, mako biyu da tabbatar ficewar, na ɗauki hutun kwana huɗu a wurin aiki. Na shiga motar haya da hantsi, ƙaramar kula mai ƙanƙara a kan cinyata, cikinta kwalabe shida na maganin Inna. A jaka kuma ga fasfona, ga katin rigakafi, ga takardar likita. A da, ko katin ɗan ƙasa ba kullum nake tunawa da shi ba idan zan je Maraɗi. Wannan karon sau uku ina buɗe jakar kafin mu bar tasha.

Bari in tuna muku yadda aka zo nan. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tiani suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi: aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, har aka fara maganar tura sojoji. A watan Satumba Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES. Ranar 28 ga Janairun 2024 suka ba da sanarwar ficewa. An ɗage takunkumin a Fabrairun wannan shekarar, aka buɗe iyakarmu a Maris, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ranar 29 ga Janairun 2025 rabuwar ta tabbata, bayan kusan shekara 50 ana tare, tun kafa ƙungiyar a Legas a 1975.

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. A bi ta Jibiya, a tsallaka a Magama, a yi Ɗan Isa, sai Maraɗi. Abin da ke cin lokaci shi ne shingaye, da kuma fargabar 'yan bindiga da ta sa direbobi ba sa son bin hanyar da duhu. Mu bakwai ne a motar, kuma tun daga fitowa gari hira ɗaya ake yi. Wani ɗan kasuwa ya ce ya ji an fara mayar da masu ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS, sai mai babban fasfo. Wata tsohuwa da za ta je sunan jikarta ta ce ita duk rayuwarta ba ta taɓa riƙe wata takarda ba, kuma ba yau za ta fara ba. Direba ya yi dariya ya ce, “Hajiya, in sun hana ki ta titi, ai akwai mai mashin da zai bi da ke ta gona.” Kowa ya dara, amma na lura ba wanda ya saki jiki.

A takarda dai ɓangarorin biyu sun yi alkawari. Ƙasashen AES sun ce 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba, ita ma ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku har zuwa wani lokaci. To wannan “har zuwa wani lokaci” shi ne ke hana mutane barci. Yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan Afirka ta Yamma damar shiga maƙwabciyar ƙasa ya yi kwana 90 babu biza, haƙƙi ce a rubuce. Abin da ake da shi yanzu alfarma ce, mai alfarma kuwa yana iya janye ta ranar da ya ga dama.

A ɓangaren Nijar wani jami'i ya sa na buɗe kular. Ya ɗauki kwalba ɗaya ya juya ta, ya karanta takardar likita, gabana na faɗuwa, ina lissafin yadda ƙanƙarar ke narkewa. Sai ya rufe da kansa, ya ce, “Tsohuwata ma shi take yi. Ki yi sauri kar ya yi zahi. Allah ba ta lahiya.” Ban san lokacin da na ce amin da ƙarfi ba.

Idan ba ku taɓa zuwa Maraɗi ba, abu na farko da zai ba ku mamaki shi ne rashin abin mamaki. Tuwo ɗaya, fura ɗaya, gaisuwa ɗaya. Sai dai kuɗi sefa ne, wutar lantarki sunanta kuran, ɗan acaɓa kuma kabu-kabu. Sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa sarautar garin bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har gobe ake ce wa sarkinsu Sarkin Katsinan Maraɗi. Akwai unguwar 'Yandaka, akwai ta Zariya, akwai Sabon Gari. Hatta gulbin da ya ratsa gefen garin daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya kewaya ya sake komowa Najeriya ya haɗu da kogin Rima.

Na iske Inna a tsakar gida tana tsince zogale. Bayan gaisuwa na wuce kai tsaye wurin firij, sai ta ce in tsaya ta nuna mini wani abu. A bayan ɗaki, cikin inuwa, akwai wata tsohuwar randa a kan jiƙaƙƙen yashi. Ta ce a watannin takunkumi, lokacin da kuran ke yini ya kwana bai zo ba, a nan take ajiye maganin: a ɗaure shi cikin leda, a sa a ƙaramin tulu, a kafa tulun a yashin, a riƙa yayyafa ruwa. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, zafin Maraɗi kuwa kun san labarinsa. Dabarar tana rage ɓarna, amma ba ta kai firij ba. A lokacin ne kuma magunguna suka yi ƙaranci a shagunan magani, domin yawancin kayan Nijar ta tashar ruwan Kwatano suke shigowa, iyakar Benin kuma tana rufe. Sau biyu Inna ta rage yawan allurarta da kanta don kwalba ta daɗe. Ba ta gaya wa kowa ba sai da ƙafarta ta fara yin ciwon da ya ƙi warkewa.

Na ɗauka mai irin wannan labari za ta fi kowa tsoron rabuwar. Sai ta ce mini, “Ɗiyata, wanda ya kashe maka hitila kana kwance ba lahiya, ranar da ya kunna ta kana gode mashi, amma ba ka mancewa. Su hita ɗin, ban ga laihinsu ba.” Ta ɗan yi shiru, sannan ta ƙara da cewa, “Ni dai kar a rufe hanyar Katsina. In na mutu, wa za ya zo ya yi mani wanka in ba uwarki ba?”

Da la'asar ɗanta na uku, wanda ya gama jami'a yana jiran aiki, ya ja ni zuwa fadarsu. A Nijar fada ita ce majalisar samari a bakin titi, benci biyu da butar shayi a kan gawayi. A nan na ji fatan da ake yi, kuma ba da wasa suke faɗa ba. Suka ce shekara da shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana haska biranen Faransa, su suna cikin duhu. Suka ce sojojin Faransa sun fita a ƙarshen 2023, na Amurka sun bi su a 2024, kuma sama ba ta faɗo ba. Suka ce ƙungiyar da ba ta taɓa turo musu soja ya yaƙi 'yan ta'adda ba, ita ce ta tashi turo soja don mayar da mutum ɗaya kan kujera. Suka kawo misalin matakin da gwamnati ta ɗauka a 2024 na rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta da mayar da haihuwa kyauta. A matsayina na wadda ta sha ganin mace tana naƙuda miji yana waje yana neman rance, wannan ya taɓa ni. Taken da ke bakin kowa shi ne “zancen ƙasa ne”. Suna fatan kuɗin kansu maimakon sefa, da man feturinsu ya amfane su, da a daina kallon Nijar a matsayin ƙanen da ake yi wa tsawa.

Na tambaye su, to aikin yi fa? Ɗan Innar ya sunkuyar da kai yana juya shayi. Daga baya, muna komawa gida, ya ce mini abokansa biyu suna Kano suna sayar da shayi da burodi, ɗaya yana Legas yana gadi, kuma shi ma in abu ya ƙi, can ya nufa. “Anti, in an ce sai da takardar zama, ina za mu?” Mutumin da ya fi kowa ɗaga murya a fada shi ne ya yi mini wannan tambayar a hankali.

Kawuna kuwa, wanda ya yi shekara talatin yana kai aya da wake da jajayen awakin Maraɗi kasuwannin Najeriya, ya sawo masara da kayan masarufi, bai shiga gardamar kowa ba. Shi lissafi yake yi. Ya ce iyakar Benin har yanzu a rufe take daga ɓangarensu, kaya sai sun zagayo ta Lome su ratsa Burkina da rakiyar soja, kowane kwana da mota ta ƙara a hanya kuwa a kan buhun shinkafa yake sauka. Ya ce jikka guda ta sefa ta haura naira dubu biyu, sayayya a Najeriya ta yi musu araha, amma masu sayen dabbobinsu daga can sun ja baya. Sannan ya tuna mini abin da na manta: a Agustan 2019 Najeriya da kanta ta rufe iyakokinta na tudu har zuwa Disamban 2020, alhali kowa yana cikin ECOWAS. “Ƙungiya ba ta hana rufewa ba,” in ji shi, “amma a da akwai inda za a kai kuka. Yanzu wa za ka kai ma wa?”

Ni ma ina da nawa tsoron, na aikina ne. Cuta ba ta tsayawa a shinge. Sanƙarau da ƙyanda da kwalara suna yawo tsakaninmu duk shekara. A 2023 mashaƙo ta ɓarke a Kano, ta kuma ɓulla a yankin Damagaram. Mata daga ƙauyukan Katsina sun daɗe suna tsallakawa da yara masu tamowa zuwa cibiyoyin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafawa a yankin Madarunfa, kamar yadda marasa lafiya daga Maraɗi ke zuwa manyan asibitocin Katsina da Kano. Dubban mutanenmu da 'yan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019 a jihar Maraɗi suka sami mafaka. Hatta hukumar lafiya ta ECOWAS, hedkwatarta a Bobo Diyulaso take lokacin da aka rabu, wato cikin ɗaya daga ƙasashen da suka fita. Idan jami'an lafiya na nan da na can suka daina ɗaga wa juna waya saboda shugabanni ba sa ga maciji, yara ne za su biya.

Ban je Maraɗi don in yanke hukuncin wa ke da gaskiya ba. Abin da na gano shi ne, ba a raba mutanen garin gida biyu, masu murna da masu tsoro. Mutum ɗaya ne yake ɗauke da duka biyun: yana son ƙasarsa ta tsaya da ƙafarta, yana kuma tsoron ranar da zai zo Magama a ce masa ya koma. Kuma ba su manta da waɗanda suka tsaya musu a 2023 ba. Sau da yawa an ambata mini yadda sanatocin Arewa suka ƙi amincewa da yaƙi, da zuwan Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Yamai, da tawagar malaman da ta bi baya. Jihohinmu bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno. A cikinku masu karatu, da wuya a rasa wanda kakarsa ko surukarsa ko maƙwabcinsa ba daga can yake ba.

Ranar da zan dawo na wanke ƙafar Inna, na sake mata bandeji, na rubuta wa ɗanta adadin allurar a jikin kwali da manyan baƙi, na sa ta yi mini alkawarin ba za ta ƙara ragewa ba sai da sanin likita. Ta cika mini kular da kilishi da dakkuwar aya, ta ce in kai wa ƙanwarta. Kwalaben da na kai za su ishe ta zuwa bayan Sallah ƙarama. Na riga na rubuta takardar neman hutu na gaba, fasfona kuma yana cikin jaka, ban mayar da shi akwati ba.

In kuna da naku a wancan ɓangaren, ku kira su yau, ku ji yadda suke. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya bar mana hanyar zumunci a buɗe.